Jan Man da Na Zuba wa Motar Malam Kabiru

Yanzu idan mota ta shigo gareji, kafin a ɗaga bonet an riga an zaro waya. A buga sunan mota, a buga ciwonta, abin da ya fito a sama a ɗauka a yi aiki da shi. Kullum ina kallonku, ku matasan kanikawa, a nan Apo. Kun ce kanikanci ya yi sauƙi. Ni ma na taɓa faɗin haka, kuma wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba ya rasa shagonsa da sunansa a dalilina. Istifanus ne sunansa. Zan zo kansa.

Aikin farko da aka ba ni a duniya wanke kabureta ne a cikin kwanon fetur, a garejin Oga Tanimu a Suleja. Ban yi boko ba. Shekara bakwai na yi a hannunsa, biyu daga ciki ban taɓa inji ba sai miƙa sifana da share ƙasa. Shi ya koya min in kafa sukudireba a jikin inji in ɗora kunne a kan ƙotar, in ji inda ƙara take fitowa. Shi ya koya min in murza mai tsakanin yatsa biyu, in sansana, in ɗaga shi a rana. Baƙaƙen boko kuwa a jikin fulogi da kwalin filta na koye su, ɗaya bayan ɗaya, don kada mai kaya ya ba ni wani abu daban. A garejin nan babba ke fara magana, babba ke fara sa hannu a kwano. A takardar ƙungiyar kanikawa sunan ciyaman ne a sama, sai mataimaki, har a gangaro kan wanda ya shigo jiya. Duk takardar da na taɓa gani a rayuwata haka take. Wanda aka sa a sama shi ya fi kowa.

Da farar hula suka dawo mulki kuɗi ya shigo Abuja, na dawo Apo na buɗe nawa wurin. Motoci suka riƙa kwararowa daga Kwatano, wasu an yi su don Amurka, wasu don Turai, wasu don ƙasar da ta ƙera su. Yawanci otomatik, kuma kowace da ƙwaƙwalwarta. Kunne da hanci suka daina isa. Na ga tsofaffin kanikawa da suka fi ni hannu suna zagaya mota kamar baƙi.

Wata mota ce ta fara kai ni shagon intanet. An canza mata batir ta ƙi tashi. Kwana biyu ina bin waya ɗaya bayan ɗaya ban ga komai ba. Wani ya ce in je wajen Madam Rifkatu, wata mata daga kudancin Kaduna da take da kwamfuta shida da janareta a bayan layinmu. Na gaya mata sunan motar da abin da take yi, ta buga da Turanci, rubutu ya jeru a gilashi. Na ce ta buɗe min na sama. Ta karanta, ta fassara min: a murɗa makulli a bar shi minti kaza, a kashe, a sake. Na koma na yi, mota ta tashi. Daga ranar nan duk motar da ta gagare ni sai wajen Madam, kuma maganata ɗaya ce, ta fitar min da na sama. Wani lokaci takan so ta gangara ta duba na ƙasa, sai in ce ba ni da lokaci, ga oga a gaba me zan yi da yaransa. Abin ya yi min aiki sau da yawa. Har suna aka sa min a layi, Sale Kwamfuta, kuma ina amsawa.

Istifanus mutumin Filato ne, mai sayar da man inji da man giya, ƙofa uku daga wurina. Yana da wata ɗabi'a. Kowane irin mai da ya shigo shagonsa sai ya ɗiba kaɗan ya zuba a ƙaramar kwalba ya jera a taga, ya rubuta sunansa a jiki. Ja, ruwan zuma, kore, mai haske kamar ruwa. Idan baƙon kaya ya zo ya ɗaga shi kusa da na kwalba ya gwada. Shekara shida ina sayen mai a hannunsa ban taɓa samun matsala ba. Ran Lahadi idan ya tafi coci ni ke riƙe masa makulli saboda kwastoman gaggawa. Yakan tsokane ni ya ce wata rana kwamfuta za ta ce in zuba wa mota kunu, kuma zan zuba.

Motar Malam Kabiru ta shigo ran wata Laraba da hantsi. Mataimakin darakta ne a wata ma'aikata, mutum mai sanyin magana, rabin Hausarsa Turanci. Shi ya kawo min abokan aikinsa da yawa. Motar 'yar Japan ce, ruwan toka, bai daɗe da sayenta ba. Ya ce tana ɗan jinkiri idan ta tashi daga tsaye, yana so a canza man giya kafin Juma'a, zai kai iyali Kano. Na shiga ƙarƙashi na kwance noti, tsohon mai ya zubo a baho. Baƙi ne, amma da na murza shi a yatsa na ɗaga a rana sai na ga kore-kore a gefensa. Na gani da idona. Na ce dauɗa ce.

Na tafi wajen Madam. Ta buga sunan motar da shekararta da man giya. A can sama hoton wata jar kwalba ya fito, da sunan motar a gefe. Na biyun ma ja ya ce. Na ce ta buga min a takarda. Ta tambaye ni ko na zo da lambar shasi, wato lambar da ke jikin kowace mota ita kaɗai. Na ce suna bai isa ba ne?

Na miƙa wa Istifanus takardar. Ya duba, bai ɗauko mai ba. Ya fito ya zo har wurina, ya leƙa injin, ya tsoma yatsa a bahon.

"Oga Sale, wannan mota ba ya shan ja," in ji shi. "Irin giya mai bel ne a ciki. Kore yake sha. Ba ni da shi yanzu, amma ka ba ni kwana uku zai zo daga Legas."

Na ce mai mota zai yi tafiya jibi. Ya ce gara a mayar da tsohon man a tace shi, ya je ya dawo. Akwai kanikawa biyu a tsaye suna jinmu. Na kaɗa masa takardar a fuska.

"Kai ka fi kwamfuta sani ne? Mai nake nema, ba wa'azi ba."

Ya yi dariya, ya ce to ga kunun ya zo. Ya koma ya ɗauko jan mai, mai kyau, a rufe da hatiminsa. Na zuba da hannuna.

Mota ta je Kano ta dawo lafiya. A sati na uku ta tsaya a hawan hanyar Kubwa, inji yana ihu mota ba ta motsi. Aka jawo ta. Da na sauke akwatin giya na buɗe, ban ga faya-fayan da na saba gani a giya mai shan ja ba. Bel na ƙarfe na gani, ya zame ya goge jikin kwanukan da yake hawa, garin ƙarfe yana ƙyalli a cikin mai. A wannan minti na san wanda ya kashe giyar. Ba sai an gaya min ba.

Malam Kabiru ya zo da la'asar. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a kan akwatin da hannu a aljihu, ya ce, "Malam Sale, me ya faru?"

Na ce, "Man jabu ne, ranka ya daɗe."

Lokacin man jabu ya yi yawa a gari, kowa yana da labarin injin da ya ƙone. Ba wanda ya nemi hujja. Malam Kabiru ya tambayi inda aka sayo, na nuna da haɓa. Ya sa aka ɗauke motarsa zuwa wani gareji, kafin ya tafi ya tsaya ofishin ƙungiya. Washegari ciyaman ya zo da mutanensa. Suka fito da katon-katon na mai daga shagon Istifanus, suka fasa, suka tsiyaye a kwata a gaban jama'a. Har kwalaben taga ba su bari ba. Yana tsaye bai hana su ba. Da ya hango ni ya ce:

"Oga Sale, ka gaya musu abin da na faɗa maka ranan nan."

Na ce ban tuna wata magana ba. Kanikawan nan biyu da suka ji mu, ɗaya yana Kaduna ranar, ɗayan ya kalle ni ya kalli ƙasa. Aka rufe shagon wata ɗaya. Da aka buɗe ba mai shiga. Kafin damina ta ƙare ya kwashe katakonsa ya tafi, wani mai taya ya shiga wurin.

Bayan sati ɗaya da zubar da man na koma wajen Madam Rifkatu da lambar shasin motar a rubuce a bayan kwalin filta. Na ce wani ne ya aiko ni. Ta dube ni, ta buga. A ranar ne aka fara yi min bayanin abin da na yi shekaru ina dogara da shi.

Ta nuna min wata 'yar kalma a gefen na sama, ƙarama kamar ƙuda. Ta ce ma'anarta talla. Mai sayar da jan mai ne ya sayi wurin, duk wanda ya buga irin kalmomina shi zai fara gani. Na biyun kuma dandalin hira ne na masu mota a Amurka. Ba ƙarya suka yi ba. Motar da ake sayar musu da wannan sunan giyarta daban ce, ja take sha. Ta Malam Kabiru don wata ƙasar aka yi ta, suna ɗaya, ciki daban. Na ce to me ya hau da su sama? Ta ce yawa. Su ne suka fi rubutu, shafuka da yawa suna nuna nasu, mutane da yawa suna dannawa, sai injin binciken ya ɗauka shi ake nema ya tura shi gaba. Yana duba kalmomin da ka ba shi, yana duba wanda aka fi ambata, yana ƙoƙarinsa. Amma bai taɓa ganin motar da ke garejinka ba. Ta gangara, ta wuce shafin farko, a na biyu ta buɗe littafin da kamfanin motar ya rubuta da kansa. Ga lambar giyar, ga sunan man. Kore.

Ta ce ranar ma abin da ta so ta nuna min ke nan. Sannan ta tambaye ni ko zan je wajen ciyaman. Na ce ina da mota a kan jak. Ban sake taka shagonta ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Malam Kabiru bai dawo ba, abokan aikinsa ma suka janye ɗaya bayan ɗaya, don ko man jabu ne ai hannuna ya zuba. Ni kuma na daina karɓar otomatik. Na koma canza birki da bushin da shokozoba, aikin da ɗan shekara biyu a gareji zai yi. Idan zan je masallaci sai in zagaya ta bayan masu fenti don kada in bi ta ƙofar mai taya. Idan bincike ya kama dole, sai in hau acaba zuwa wani shago a unguwar Gudu inda ba a san ni ba. A can na koyi zama kusa da mai bugawa in ce ya gangara, ya buɗe wannan, ya koma, ya buɗe wancan, har ya gaji da ni.

Wata bas ta makaranta ce ta nuna min cewa baki uku ba shaida uku ba ne. Ana neman ƙarfin da za a ɗaure notin kan inji. Shafi uku suka ba da lamba ɗaya. Da a da ne, da na gama. Na sa aka buga min ukun a takarda na jera su a kan bonet. Ba na jin Turanci sosai, amma ina gane sura. Layi da layi iri ɗaya ne, har hoton. Mutum ɗaya ya rubuta, biyu suka kwafa don su ma a danna nasu. Ba suna, ba ranar da aka rubuta, talla ta cika gefe da gefe. Na nemi littafin kamfani da lambar injin, lambar da ke ciki daban ce. Da na bi su da na tsinke noti a cikin inji.

Da waya mai gilashi ta zo, bidiyo ya zo. Wata mata mai asibiti ta kawo mota fitilar inji tana kunne, ta riga ta kalli wani Bature a waya yana cewa a zuba wani ruwa a tanki an gama. Ta ce mutane da yawa sun kalla. Na karɓi wayar na kalla har ƙarshe. Hannunsa fes, ba ko ɗigon baƙi a farce, kuma kwalbar ruwan tana fuskantar kyamara tun daga farko. Na ce mata Hajiya, wannan ɗan kasuwa ne. Na sa na'urar gwajin mota, ashe wata wayar wuta ce ɓera ya ci a bayan inji. Tun daga lokacin abin da nake fara tambaya shi ne wa ya faɗa, kuma me zai samu idan na yarda. Sai in tambaya wace mota yake nufi, ta wace ƙasa, wace shekara. Lambar shasi nake bugawa kafin suna. Idan waya ta ce ja yatsana ya ce kore, ba na zuba komai sai na gano wanda ya yi kuskure a cikinsu. Mota ta kwana. Mai ita ya yi fushi. Ba na hana ku bincike, ni ma kullum ina yi, yanzu ma da baki nake gaya wa wayar. Amma bugawa ba ita ce aikin ba. Aikin yana farawa bayan amsa ta fito.

Shekara huɗu ban san inda Istifanus yake ba, kuma ban tambaya ba. Wani direban tifa ne ya ce ya gan shi a Dutse Alhaji, bakin hanyar Bwari, yana sayar da kananzir da man janareta a kan tebur. Na yi wata biyu da labarin a cikina. Ran wata Asabar na rufe gareji na tafi.

Tebur ne ƙarami da laima, da mazurari, da jarkoki. Ya rame, furfura ta fito masa. Ya gane ni tun daga nesa. Ya jawo min benci, ya tambayi iyali, ya tambayi layi, ya aika aka kawo min ruwan leda. Na sha. Sannan na ce masa mansa ba jabu ba ne, ni na zuba wanda ba shi ba, kuma na sani tun ranar da na buɗe akwatin.

Ya ci gaba da goge mazurari. Ya ce ai ya sani, shi ya sayar min, ya san abin da ya sayar. Na ce na zo neman gafara. Ya ce gafara ba wuya, ya yafe tuntuni, in ba haka ba da ciwo ya kashe shi.

"Amma ba ni za ka gaya wa ba, Oga Sale," ya ce. "Ni ban taɓa cewa jabu ne ba. Inda ka faɗa, can za ka je ka warware."

Na tambaye shi ko zai dawo Apo idan na yi. Ya ce a'a. Yaransa suna makaranta a nan, kuma ƙafarsa ba ta son wannan layin. Wata mata ta zo sayen kananzir, ya tashi ya auna mata. Na yi sallama.

Taron ƙungiya ran Asabar ɗin farkon wata ake yi, a ƙarƙashin rumfar kwano. An canza ciyaman sau biyu tun lokacin. Aka gama maganar shara da ta masu gadi, aka ce ko akwai mai wata magana. Na miƙe. Ban iya dogon zance ba. Na ce shekara huɗu da suka wuce an zubar da kayan Istifanus a kwata a kan maganata, maganar ƙarya ce. Mansa mai kyau ne. Ya gargaɗe ni a gaban mutane na ƙi ji, don na ga abu a saman kwamfuta. Na ce a rubuta a littafin ƙungiya.

Sabon ciyaman ya ce Allah ya ba da ladan gaskiya, ya ce wa sakatare ya rubuta. Sakatare ya tambayi yadda ake rubuta sunan. Fiye da rabin waɗanda ke zaune ba su zo layin ba lokacin da abin ya faru. Aka wuce maganar gyaran famfo.

Da aka tashi ina ɗaura takalmi, wani mai walda da ya zo a makare ya zauna a can baya ya matso kusa da ni. Ya ce bai ji farkon ba, wa nake magana a kai. Na ce Istifanus.

Ya ɗan yi tunani. Ya ce, "Wane Istifanus? Mai man jabun nan?"